Gidan Adana Kayan Fasaha da Jama'ar Tsallaken Kogi: Hanyoyin Isa ga Al'ummar Kudancin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan hanyoyin da gidajen adana kayan fasaha da na tarihi suke bi domin isa ga jama'a da jawo su a jiki, inda ta ɗauki unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna a matsayin misali. Fitattun gidajen adana kaya guda biyu na birnin, wato Gidan Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, duk suna arewa da kogin. An fito da nisa iri uku da ke tsakaninsu da mazauna tsallaken kogi: nisan ƙafa da nisan harshe da nisan mallaka. An waiwayi yadda wasu gidaje a Yamai da Washinton da Kef Tawun da ƙasar Mali suka magance irin wannan nisa. Maƙalar ta nuna cewa gayyata kaɗai ba ta tara wa gidan adana kaya jama'a, sai ya nemi wani abu daga hannunsu ya kuma girmama shi. A kudancin birnin Kaduna, abin da ya fi cancanta a fara nema shi ne tarihin masaƙun Kakuri da zanen atamfarsu, tun masu shi suna raye.

Fitilun Kalmomi: gidan adana kaya, fasaha, Nok, Kakuri, atamfa, fassara

1.0 Gabatarwa

Ana auna nasarar gidan adana kaya da ma'auni biyu. Na farko shi ne lafiyar abin da aka ba shi amana, wato kada gara ta ci, kada ɓarawo ya ɗauka, kada danshi ya ɓata. Na biyu shi ne yawan mutanen da suke ganin cewa abin da ke cikin gidan ya shafe su. Ma'aikatan gidajen tarihi na Nijeriya sun daɗe suna fama da na farkon, domin satar kayan tarihi da ƙarancin kuɗi sun tilasta musu hakan. Ma'auni na biyu kuwa bai samu irin wannan kulawa ba, musamman a rubuce-rubucen da ake yi da Hausa, duk da cewa babban ɓangarensa aikin harshe ne.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda gidan adana kaya yake isa ga jama'a, da abin da ke hana shi, da kuma gurbin da manazarta Hausa suke da shi a cikin aikin. An zaɓi kudancin birnin Kaduna saboda a nan matsalar ta fito fili, har ana iya nuna ta a taswira. Abin da ake nufi da kudancin birni a nan shi ne unguwannin da ke tsallaken kogi, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Narayi da Talabijin da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora. Ya bambanta da yankin Kudancin Jihar Kaduna, ko da yake akwai dangantaka mai ƙarfi tsakanin jama'ar wuraren biyu.

2.0 Sauyin Aikin Gidan Adana Kaya

Aikin adana kayan tarihi a hukumance ya fara a Nijeriya a shekarar 1943, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa Kenneth Murray, wanda malamin koyar da zane ne, alhakin kula da kayan gargajiya. An buɗe gidan Esie a 1945, na Jos a 1952, na Legas kuma a 1957. A 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda take riƙe da waɗannan gidaje har yau. Babban abin da ya dami magabatan wannan aiki shi ne ceto kaya daga lalacewa da kuma hana fitar da su ƙasashen waje. Saboda haka tsarin da suka bari tsarin taska ne: a tattara, a rubuta, a kulle, sannan a buɗe ƙofa ga wanda ya zo.

A duniya kuwa tunani ya fara sauyawa tun shekarun 1960. Taron da hukumar UNESCO ta shirya a Santiyago ta ƙasar Chile a 1972 ya jaddada cewa gidan adana kaya yana da hakki a kan matsalolin al'ummar da yake zaune a cikinta. A 2022, a birnin Prag, Majalisar Gidajen Adana Kaya ta Duniya ta amince da sabuwar ma'anar gidan adana kaya, wadda ta sanya damawa da al'umma da buɗe ƙofa ga kowa a cikin ginshiƙan aikin. Ke nan isa ga jama'a ya tashi daga matsayin nafila ya koma farilla.

Ya kamata a lura cewa a arewacin Nijeriya ba a cika raba gidan kayan fasaha da gidan kayan tarihi ba. Tukunyar Ladi Kwali da rigar saƙi mai aska takwas da kan yumɓu na Nok duk a gida ɗaya ake samun irinsu, kuma Bahaushe yakan kira wurin da gidan tarihi. Wannan suna yana da tasiri, domin yana sa mai ziyara ya shiga da tunanin zai ga tsofaffin abubuwan da aka daina yayi, alhali da yawansu aikin gwanaye ne da ya cancanci a tsaya a yaba kyansa.

3.0 Birnin Kaduna da Kogin da Ya Ratsa Shi

Turawan mulkin mallaka sun mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Tun daga lokacin aka aza harsashin rabon aiki tsakanin gaɓoɓin kogin. Ofisoshin mulki da majalisa da gidajen manyan ma'aikata suka zauna a arewa. Babbar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo na gabas ya haɗu da na Legas zuwa Kano, tana kudu, kuma a kusa da ita masana'antu suka taru. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957 da haɗin guiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙar United Nigerian Textiles ta 'yan kasuwar Hong Kong ta biyo baya a 1964, ga kuma Arewa Textiles da ke da hannun Japanawa, da Nortex. Masana'antar ƙera makamai ta soja da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot, wanda ya fara aiki a 1975, su ma a Kakuri suke. A taƙaice, arewa ta riƙe alƙalami, kudu ta riƙe inji.

Gidajen adana kaya sun bi sawun alƙalami. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana a tsohon gidan Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Titin Rabah. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Titin Ali Akilu an buɗe shi a 1975 a tsohon ginin hedikwatar jam'iyyar NPC. Gidajen biyu suna da daraja, kuma dukansu sun tsiro ne daga tarihin mulki da siyasa.

Rikice-rikicen shekarar 2000 da na Nuwamban 2002 sun ƙara wa kogin wani nauyi. Iyalai da yawa sun sauya unguwa domin neman kwanciyar hankali, har Musulmi suka fi yawa a akasarin unguwannin arewa, Kirista kuma a akasarin na kudu. An samu yaran da suka tashi ba su da aboki ko ɗaya a ɗaya gaɓar. A irin wannan birni, wurin da zai tara mutanen gaɓoɓin biyu a kan abin da suka gada tare yana da amfanin da ya wuce na shaƙatawa.

4.0 Nisa Iri Uku

4.1 Nisan Ƙafa

Wannan shi ne mafi sauƙin ganewa. Malamin firamare a Sabon Tasha da ke son kai ɗalibansa Titin Ali Akilu sai ya nemi izinin iyaye, ya tara kuɗin mota, ya ratsa cunkoson gada da na tsakiyar gari, ya kuma dawo da yaran kafin a tashi. Mai sana'a kuwa, ranar da ya rufe shago ya tafi kallo, ranar ce ba a ɗora tukunya da wuri ba. Idan aka haɗa wannan da ɗari-ɗarin da tarihin rikici ya bari, sai a ga cewa tafiyar da ba ta wuce 'yan kilomitoci ba ta zama doguwa.

4.2 Nisan Harshe

Bayanan da ake liƙawa a jikin kaya a gidajen tarihi na ƙasa galibi da Ingilishi suke, kuma da irin Ingilishin masana kimiyyar tono. Tsallaken kogi kuwa matattarar harsuna ce: Gbagyi, waɗanda suke zaune a yankin tun kafin a kafa birnin, da Bajju da Atyap da Ham da Adara da Tibi da Idoma da Ibo da Yarabawa da Hausawa. Harshen da yawancinsu suke haɗuwa a kansa a kasuwa da tashar mota shi ne Hausa. Haka kuma a majami'u da yawa da Hausa ake wa'azi da waƙa, tun da an kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932. Saboda haka Hausa a nan ba ta gaɓa ɗaya ba ce.

Sai dai fassarar bayanin kaya tana da tarko, kuma kayan Nok sun isa misali. An fara tsintar waɗannan siffofi na gasasshen yumɓu a 1928 a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake Ƙaramar Hukumar Jaba. A farkon shekarun 1940 aka kai wa Bernard Fagg wani kai da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙar kuza ya daɗe yana kafawa a gonarsa ta doya domin korar ɓarna. Fagg ne ya lura da kamanninsa da waɗanda aka samu a Nok, ya raɗa wa al'adar wannan suna. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara a 2005, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, ya nuna cewa al'adar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), siffofin yumɓun kuma suka bayyana ƙarnuka bayan haka. An baje kolin abin da suka tono a Frankfurt a 2013.

To, me za a kira waɗannan siffofi da Hausa? Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce gunki. Amma gunki a Hausa abin bauta ne, kuma kalmar tana ɗauke da hukunci. Musulmin da ya ji an ce a zo kallon gumaka zai ja da baya, haka ma Kiristan da ya tashi a majami'ar da ke wa'azi da Hausa. Bugu da ƙari, kalmar ta yanke hukuncin da masu binciken kansu ba su yanke ba, domin yawancin siffofin a farfashe aka same su cikin ramuka, kuma wasu masana suna danganta su da al'adun binne mamata. Mutum-mutumi ta fi sauƙi a kunne, sai dai tana iya kawo tunanin abin wasan yara ko na korar tsuntsaye. Sassaƙe ta dace da itace da dutse fiye da yumɓu. Idan aka ce siffar yumɓu, ko ginin yumɓu, an kusantar da abin ga sana'ar ginin tukwane wadda kowa ya sani, kuma an bar mai kallo ya fara da ganin gwanintar hannu: idanu masu kusurwa uku, da hujin ƙwayar ido da na hanci, da kitso iri-iri. Kalma guda a nan tana iya cika ɗakin baje koli ko ta bar shi wayam.

Irin wannan tarko yana tattare da kalmar fasaha ita kanta. A Hausa fasaha ta haɗa hikimar magana da gwanintar hannu da ƙere-ƙeren zamani. Wannan faɗi nata alheri ne, domin bai ware mai zane a kan allo ya fifita shi a kan maɗinki ko marini ba. Gidan da ya yi wa jama'a magana da wannan ma'ana zai tarar cewa rabin masu sauraronsa su ma masu fasaha ne.

4.3 Nisan Mallaka

Wannan shi ne mafi zurfi. Mutum yana iya isa gidan, ya karanta bayanin da harshensa, amma ya fita yana jin cewa labarin wasu aka ba shi. Tsohon ma'aikacin masaƙa da ya shafe shekara talatin a gaban inji, idan ya zagaya ɗakunan da ke nuna kayan sarauta da takardun mulki, zai yaba, amma ba zai ga kansa ba. Abin lura kuma shi ne, a unguwannin tsallaken kogi akwai 'yan ƙabilar Ham da yawa, waɗanda a ƙasarsu ƙauyen Nok yake, kuma suna alfahari da wannan suna. Ke nan wasu daga cikin mutanen da suka fi jin kusanci da mafi shaharar kayan fasahar jihar suna zaune ne a gaɓar da ta fi nisa da inda ake nuna irinsu.

5.0 Yadda Wasu Gidaje Suka Rage Nisa

Misali mafi kusa shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama. An tsara shi a matsayin fili mai ɗakuna a warwatse, da gidan namun daji, da rumfunan masu sana'ar hannu da ke aiki a gaban jama'a. Iyali sukan shiga domin yara su ga zaki, su fito sun ga tufafin Abzinawa da aikin maƙeran azurfa. Gidan Tarihi na Kaduna ma yana da rumfunan masu sana'ar hannu a harabarsa, wanda ke nuna cewa wannan tunani ba baƙo ba ne a birnin.

Misali na biyu ya yi kama da Kaduna ƙwarai. A birnin Washinton na Amurka, manyan gidajen cibiyar Smithsonian suna tsakiyar gari, unguwar Anakostiya ta baƙaƙen fata kuma tana tsallaken wani kogi. A 1967 cibiyar ta buɗe ƙaramin gida a cikin unguwar, a wani tsohon gidan silima, ta kuma naɗa John Kinard, mai aikin al'umma, ya shugabance shi. Mazauna unguwar suka shiga cikin zaɓen abin da za a nuna. A 1969 suka shirya baje koli a kan ɓeraye, domin ɓera ne ya addabi gidajensu. Masu ganin gidan adana kaya wurin kayan alfarma ne sun yi mamaki, amma jama'ar unguwa sun gane cewa gidan nasu ne.

Na uku shi ne gidan tunawa da unguwar District Six a Kef Tawun. Gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar a matsayin ta fararen fata a 1966, ta tashi mutane fiye da 60,000, ta rushe gidajensu. Da aka buɗe gidan a 1994 a cikin wata tsohuwar majami'a, sai aka shimfiɗa babbar taswirar unguwar a ƙasa, aka bar tsofaffin mazauna su duƙa su rubuta sunayen iyalansu a inda gidajensu suke a da. Masu ziyara ne suka cika abin da ake nunawa.

Na huɗu daga ƙauyen Fombori na ƙasar Dogon a Mali yake, inda a 1997 aka kafa abin da aka kira bankin al'adu. Mai kayan gado yakan ajiye shi a gidan, ya ba da tarihinsa, a ba shi ƙaramin rance. Kayan yana nan a matsayin nasa, jama'a suna kallo, dillalan kayan tarihi kuma sun rasa abin saye.

Abin da ya haɗa misalan nan shi ne, a kowannensu gidan ya ɗauki jama'a a matsayin masu abin bayarwa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma wanda ya je gidan mutum ya nemi shawararsa ya fi wanda ya aika masa da katin gayyata samun karɓuwa.

6.0 Atamfar Kakuri a Matsayin Fasaha

Idan gidajen adana kaya na Kaduna za su tsallaka kogi, me za su nema a can? Amsa mafi kusa ita ce masaƙa. A rubutun Hausa, zane na ɗaurawa da zane na alƙalami siffarsu ɗaya, a furuci ne suka bambanta. A Kakuri ma'anonin biyu sun haɗu a aikace. Ban da akoko da alawayyo da aka riƙa saƙawa, an buga atamfa, kuma kowace atamfa a hannun mai zane take farawa. Shi ne zai tsara fure ko tsuntsu ko dagi a takarda, ya lissafa yadda zai maimaitu ba tare da an ga mahaɗi ba, sannan a rarraba launuka, kowane launi da abin buga shi. Sashen koyar da zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya yaye masu irin wannan aiki. A Zariyar ce kuma a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta nace a kan haɗa fasahar gida da dabarun zamani. Sunayen waɗannan sun shiga littattafai. Masu zanen masaƙa kuwa, waɗanda aikinsu ya shiga kusan kowane akwatin aure, ba a rubuta sunayensu a bakin zane ba.

Atamfa tana da wata daraja da ta dace da halin birnin: ba ta san gaɓa ba. Ita ce ankon biki a Tudun Wada da Unguwar Sarki, ita ce kuma kayan zumuntar mata a majami'un Narayi da Sabon Tasha. An buga ta domin naɗin sarauta da yaƙin neman zaɓe da bukukuwan makarantu. Mata sukan raɗa wa kowace irin sunan da masana'anta ba ta san da shi ba, kuma waɗannan sunaye taska ce ga mai nazarin harshe, domin a cikinsu akwai habaici da zambo da tarihin yayi.

Masana'antar ta durƙushe sannu a hankali. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya tsadar da kayan gyaran inji, wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, noman auduga ya ja baya, yadin fasa-ƙwauri mai araha daga Asiya kuma ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi a 1998 a kan ƙarfin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedikwatarta take Kaduna, kuma daga cikinta Adams Oshiomhole ya fito. Elisha Renne ta yi nazari a kan matan ma'aikatan Kaduna Textiles da mazansu suka rasu suna jiran hakkinsu. Waɗannan ayyuka da Ingilishi suke, kuma sun fi karkata ga tattalin arziki da zamantakewa. Fannin fasahar, da muryar ma'aikatan da harshen da suka yi aiki da shi, suna nan suna jiran mai tattarawa. Wanda ya shiga masaƙa yana saurayi a shekarun 1960 yanzu ya haura saba'in. Takardar zane kuma ba ta jure damina da yawa a ɗakin da rufinsa ke yoyo.

7.0 Matakan Aiki da Ƙalubalensu

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da matakai huɗu, kuma babu wanda yake buƙatar sabon gini.

Na farko shi ne ranar kawo kaya. A sanar a masallatai da majami'u da ofishin ƙungiyar ma'aikata cewa duk mai tsohuwar atamfar Kakuri, ko katin shaidar aiki, ko hoto, ko takardar zane, ya kawo a zauren makaranta. A ɗauki hoton abin, a naɗi bayanin mai shi, a mayar masa da kayansa. Sharaɗin mayarwa yana da muhimmanci, domin mutanen da aka riƙe wa hakki ba sa saurin sakin abin hannunsu.

Na biyu shi ne baje koli mai yawo. Siffofin Nok na asali ba sa jure yawo, kuma ɓarayi suna farautarsu, amma ana iya yin kwafinsu wanda yara za su taɓa. Harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa, da makarantun sakandare, da gefen Kasuwar Monday ta Kakuri, duk wurare ne da jama'a suka riga suka saba zuwa. Ranar 18 ga Mayu, wadda ake bikin gidajen adana kaya a duniya tun 1977, ta dace da fara irin wannan fita.

Na uku shi ne murya. Kaduna gari ne na rediyo tun da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962. Shiri na minti goma a kan abu guda, inda tsohon mai zane ko maginiyar tukwane za su yi bayani da bakinsu, zai shiga gidajen da takarda ba ta shiga. Ana iya yanka shirin a tura ta WhatsApp, wanda ya dace da masu sauraron da ba su saba da dogon karatu ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na huɗu shi ne ramuwar ziyara. Idan mutanen Kakuri suka ji cewa zanen mahaifiyarsu yana rataye a Titin Ali Akilu da sunanta a ƙasa, za su nemi kuɗin mota da kansu. Idan kuma aka nuna kayan a kudu, ɗaliban arewa su ne za su tsallako.

Akwai ƙalubale da bai kamata a raina ba. Tarihin masaƙu yana ɗauke da ɗacin hakkin da ba a biya ba, kuma baje kolin da ya nuna kyan atamfa ya ɓoye wannan ɗaci zai zama cin fuska. Haka nan amfani da Hausa yana buƙatar lura, domin wasu al'ummomin suna kallon yaɗuwarta a matsayin barazana ga harsunansu. Maganin wannan shi ne a rubuta sunan kowane abu da harshen masu shi tukuna, Gbagyi ko Hyam ko Jju ko Tyap, sannan bayani ya biyo da Hausa da Ingilishi. Sai kuma batun izini: duk muryar da aka naɗa, mai ita ya san inda za a ajiye ta da wanda zai saurara.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa abin da ke tsakanin gidajen adana kaya na Kaduna da jama'ar tsallaken kogi ya haɗa da tafiya da harshe da jin mallaka, kuma na ƙarshen ne yake warware sauran. Misalan Yamai da Anakostiya da Kef Tawun da Fombori sun nuna cewa jama'a suna riƙe gidan da ya karɓi labarinsu. Ga sassan nazarin Hausa na jami'o'i, aikin da ke gaba a fili yake: daidaita kalmomin bayanin kaya, tattara sunayen atamfa da ma'anoninsu, da naɗar tarihin baka na ma'aikatan masaƙu da matansu. Ɗalibi guda mai neman digiri na biyu, da na'urar naɗar murya da izinin dattawan ƙungiyar ma'aikata, zai iya fara wannan a zangon karatu ɗaya. Siffofin Nok sun jira fiye da shekara 2,000 a ƙarƙashin ƙasa kafin a tono su, domin gasasshen yumɓu yana da haƙuri. Masu zanen Kakuri da takardunsu ba su da irin wannan lokaci.